Firji Ya Fi Ƙofar Ɗaki Faɗi

Wannan karon maganar firji za mu yi, kuma mun san wani zai ce Malam ya rasa abin faɗa. To a saurare mu tukuna. Cikin shekara guda sau uku ana kiranmu sulhu a kan wannan ƙarfe, ɗaya ma har sai da amarya ta yi yaji.

Ba za mu kama suna ba, waɗanda suka je jere sun san gidan. Uban amarya ɗan kasuwar citta ne, yana cikin waɗanda annobar citta ta 2023 ta karya wa jari. Duk da haka uwar amarya da ƙawayenta suka kafe sai an sa firji mai ƙofa biyu a kayan ɗaki, irin dogon nan mai buɗewa hagu da dama, firiza a ɓari ɗaya, firji a ɓari ɗaya. Dalili? 'Yar wance an sa mata. Bawan Allah ya ci bashi, aka je Kaduna aka sayo a kan kuɗin da ya haura naira miliyan ɗaya, aka kwantar da shi a bayan a-kori-kura, aka biyo da shi ta Kachia da Zonkwa har Madakiya.

Ranar jere aka zo shiga da shi, ya ce bai san zance ba. Aka juya shi ta gefe, aka cire kwali, aka karkata, ina! Cikin matan da samarin da ke wurin babu wanda ya san ana iya kwance ƙofofin firjin a shiga da gangar jikin, a mayar daga baya. Sai aka kira magini ya fasa bakin ƙofar kicin, a gidan haya. Rigimar farko ke nan, da mai gida. Wata biyar bayan biki aka kawo wuta da ƙarfi cikin dare, fanel ɗin firjin ya ƙone. Mai gyara ya duba ya ce irin wannan sai an aika Legas. Ango ya ce shi bai ce a sayo ba, don haka ba shi zai gyara ba. Surukarsa ta aiko da cewa mijin da ba zai iya riƙe firji ba, yaya zai riƙe mace? Da muka shiga gidan don sasantawa, firjin na tsaye a kicin yana ƙyalli, an jera tukwane da ledar garin tuwo a ciki. Uban yarinya kuwa har lokacin bai gama biyan bashin ba.

Abin da muke cewa shi ne, mafi yawan gidajen unguwar nan ba su da buƙatar wannan firji, ba su da wutar da za su ciyar da shi, kuma in ya lalace ba mu da kayan gyaransa a kusa. Muna sayensa ne don idon mutane. Wanda kuma ya riga ya saya, ko ya ce shi lalle sai ya saya, akwai abubuwan da ya kamata ya sani, don masu sayarwa ba za su faɗa masa ba.

A fara da wuta. Wannan firji an ƙera shi ne don garuruwan da ba a ɗauke wuta. Ba kamar tsohon firjin iyayenmu yake ba, mai kwamfireso da tamostat kawai, wanda ƙanƙara ke taruwa a cikinsa. Shi wannan ba ya tara ƙanƙara, kuma da wannan ake tallarsa. Yadda yake yi, a bayan bangon firiza ake haɗa sanyin, fanka ta hura shi ciki, wata 'yar ƙofa ta riƙa buɗewa tana tura kaɗan zuwa ɓangaren firji. Lokaci lokaci wata hita ta kunna kanta ta narkar da ƙanƙarar da ta fara kamawa. Duk wannan fanel ne ke sarrafa shi, da sensa nan da can. Ka ga ke nan abubuwan lalacewa sun ƙaru, kuma uwarsu duka, wato fanel, ba ta jure wutar da ke hawa da sauka. Sannan tunda babu tulin ƙanƙara a ciki, kuma ƙofofinsa dogaye ne daga sama har ƙasa, da an buɗe sanyin ya zubo waje, domin iska mai sanyi nauyi gare ta. Firizar kwance mai murfi a sama kuwa, ko an buɗe ta sanyin yana kwance a ƙasa kamar ruwa a randa. Shi ya sa matanmu masu sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya ba ka ganinsu da mai ƙofa biyu. Su da kuɗinsu ke ciki sun san abin da ke musu aiki.

Hukumomin kula da abinci na Amurka sun ce in wuta ta ɗauke kuma ba a buɗe ƙofa ba, ɓangaren firji yana tsare abinci na kimanin awa 4, firizar da ke cike awa 48, wadda ke rabi awa 24. To kowa ya ƙirga awa nawa layinsa ke yi babu wuta. A tsarin hukumar NERC, rukunin A ne aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, kuma su ne aka mayar wa yunit naira 225 a watan Afrilun 2024. Rukunin ƙarshe, E, awa 4 ne. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da mafi yawan jihohin Arewa suka yi fiye da mako cikin duhu. A irin wannan mako, firjin miliyan da kwandon kaba duk ɗaya ne.

Sai a ce ai akwai janareta. Wane janareta? Ƙaramin nan da ke kunna fanka da talabijin ba ya ɗaukar tashin kwamfireso, domin a daƙiƙar da zai tashi yana jan wuta ninki da yawa na abin da yake ci in ya daidaita. Masu kwamfireso na inbata suna tashi a hankali, gaskiya ne, amma su kuma fanel ɗinsu ya fi saurin ƙonewa a wutar janareta mai rawa. Man fetur kuwa tun 29 ga Mayun 2023 kowa ya san yadda ake. Sola fa? A yi lissafi. Irin wannan firji a zafin ƙasarmu yana iya cin yunit ɗaya da rabi zuwa biyu a yini da kwana. Batir mai 200Ah, 12V, a rubuce yunit 2.4 yake ɗauka, kuma in na ruwa ne rabin wannan kawai ya kamata a ja in ana so ya yi ƙarko. Wanda ke da batir ɗaya da faranti biyu, ya haɗa da fitilu da fanka da cajin waya, ya jona wannan firji, batirin zai kashe kafin shekara, ya koma yana zagin mai sola.

Yanzu awo. Abin kunya ne a ce mu 'yan kasuwa, da ba ma sayen yadi ko buhun masara sai mun auna, mu je mu sayo abin miliyan da ido. Yawancin waɗannan firji faɗinsu wajen santimita 90 ne, tsawo ya kusa 180, kauri wajen 70, nauyi kuma kilo 100 ko kusa da haka. Ƙofofin cikin gidajenmu da yawa ƙafa biyu da rabi ne, in ka cire katakon gefe abin da ya rage bai fi kaurin firjin ba. Ba ƙofar kicin kaɗai ake aunawa ba. A auna ƙofar zaure, a auna lungun da za a yi kwana da shi, a auna wurin da zai tsaya, a bar masa aƙalla faɗin yatsu uku ta baya da gefe da sama don zafinsa ya fita, a kuma duba ko ƙofofin biyu za su buɗu sosai ba tare da sun bugi bango ba, don in ba su buɗu ba aljihunan ciki ba za su jawu ba.

Ga wani abin da ba a lura da shi sai Babbar Salla ta zo. An rubuta lita 500 ko 600, amma an raba shi a tsaye, ɓangaren firiza siriri ne, faɗinsa bai wuce taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba. Cinyar sa ba ta shiga. Babbar tukunyar miya ba ta shiga. Naman layya sai an yayyanka shi ƙanana an cusa, in kuma aka danƙare shi har aka toshe ramukan iska, sanyin ya daina zagayawa. Mu kuma a nan ba mutanen sayayyar wata guda ba ne. Kullum ana cefane, mahauci na bakin hanya, kasuwar Kafanchan ba nisa. Ango da amarya su biyu rak, me za su zuba a lita 600? A ganinmu lita 200 zuwa 250 ta ishe su har su haifi na uku. Babban gida mai mata da 'ya'ya kuwa, matsakaicin firji da firizar kwance sun fi masa, kuma in ɗaya ya tsaya ɗayan na aiki. Wani ma har da famfon ruwan sanyi da na ƙanƙara a jikin ƙofa ake sayowa. Da yawansu sai an jona su da ruwan famfo mai ƙarfi, a riƙa canja matacin ruwa duk wata shida. Gidan da rijiya ake ja ko mai kura ke kawo jarka, wannan famfon ado ne kawai.

Wanda kuɗinsa bai kai sabo ba sai ya koma ɗan Beljiyam. Mu ba ma ƙin kayan hannu, rabin kayan shagonmu na hannu ne. Amma a karanta takardar da ke manne a cikin firjin ko a bayansa kafin a biya. Akwai haruffan da ke nuna zafin da aka yi shi ya jure. N da SN iyakarsu digiri 32, ST 38, T kuma 43. Da yawan waɗanda ake kwasowa daga Turai N ne ko SN. Shiga kicin mai rufin kwano a watan Maris da rana tsaka, ga murhu ko gas a gefe, ka gaya mana ko digiri 32 ne. Kwamfireso zai yi ta gudu babu hutu har ya gaji. Na Amurka kuma wutarsu 110 zuwa 120 ce, tamu 230, sai da tiransifoma mai rage wuta, kuma ranar da yaro ya jona shi kai tsaye an gama. Tsofaffi sosai masu gas R12 kada ma a kalle su. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana wannan gas saboda ɓarnar da yake yi wa sararin sama, kuma ƙasashe irin tamu wa'adinsu ya cika tun 2010. Ghana ta hana shigo da tsofaffin firji daga 2013. Mu ma tsohon firji da tsohon kwamfireso suna cikin jerin kayan da Kwastam ta haramta shigowa da su, amma je ka kasuwa ka gani.

To mu zo kan masu gyara, kuma a nan za mu faɗi tamu. Firizar shagonmu ta taɓa daina sanyi. Muka kira wani yaro, ya ɗora kunne a jikinta kamar likita, ya ce, "Baba Malam, gas ne ya ƙare." Ya ɗura, muka biya. Wata biyu ya sake ƙarewa. Ya ɗura, muka biya. A karo na uku wani dattijon mai gyara da ya zo sayayya ya ce mana, "Alhaji, gas ɗin firji ba man mota ba ne, ba a ƙona shi." Ya shafa kumfar sabulu a mahaɗar bututu, sai ga kumfa tana tashi. Huda ce 'yar ƙarama. Ya yi walda, ya canja filta, ya zuƙe iskar ciki da injin zuƙa, ya auna gas a kan sikeli ya zuba. Yau shekara huɗu ba a sake taɓa ta ba. Gas yana zagayawa ne a rufaffen bututu. In ya ragu, to akwai inda yake tsiyaya. Duk wanda ya ɗura maka gas bai nemo hudar ba, ya sayar maka da dawowarsa ne.

Kuma gas iri iri ne. Takardar nan da muka ambata ta faɗi wanne ne da giram nawa. Mafi yawan sababbin firji R600a suke amfani da shi, na da kuma R134a. Kwamfiresonsu daban, man da ke ciki daban. In aka zuba R134a a injin R600a zai yi sanyi na ɗan lokaci, mai gyara ya karɓi kuɗinsa ya tafi, injin ya yi ta zafi har ya mutu. R600a kuma yana kamawa da wuta. Kaɗan ne a ciki, yawanci bai kai giram 100 ba, amma ba a kunna wutar walda a kansa sai an fitar da shi a wuri mai iska. Akwai ma masu ɗura gas ɗin girki don araha. Wannan ha'inci ne, kuma wasa ne da rayukan mutanen gida.

Ɗaya kalmar da suka iya ita ce "kwamfireso ya mutu", don shi ne mai tsoka. Sau da yawa ba shi ba ne. In ka ji firji yana ƙas, ya yi shiru, bayan 'yan mintuna ya sake ƙas, a fara duba rile da kafasito da ke manne a gefen kwamfireso, abubuwa ne masu araha. In firiza na sanyi amma ɓangaren firji ya yi ɗumi, a irin mai ƙofa biyu yawanci fanka ce ta tsaya, ko hitar narkarwa ko sensarta ta mutu ƙanƙara ta toshe hanyar iska, ko 'yar ƙofar nan ta maƙale. Ba gas ba, ba kwamfireso ba. In ruwa na taruwa a ƙasa, magudana ce ta toshe, ruwan ɗumi ya isa. Mai gyaran da ya zo babu mitar gwaji a jakarsa, sai silindar gas da filaya, a ba shi ruwa ya sha a sallame shi.

In ta kama sai an sayi wani abu, a ɗauki hoton takardar da lambar samfurin da waya, a ɗauki hoton lambar da ke jikin abin da ya lalace, da su za a nema a Kaduna ko Jos ko Sabon Garin Kano ko Alaba ta Legas. Fanel ba a sayensa da "ai kamarsu ɗaya". Kamfani ɗaya, kamanni ɗaya, amma lamba ta bambanta, ba zai yi ba. A ce wa mai gyara ya dawo da tsohon da ya cire, a hannu. A kula da kwamfireson da aka yanka aka naɗe aka fesa wa baƙin fenti aka sa a kwali. In na hannu ne a faɗa maka na hannu ne, a yi ciniki a kan haka. Wasu in fanel ya gagara sai su tsallake shi, su sa tamostat na tsohon yayi. Zai yi sanyi, amma in ba su haɗa da abin da zai riƙa kunna hita ba, cikin makonni ƙanƙara za ta toshe shi. Saboda haka tambayar da za a yi wa mai shago tun kafin a biya ita ce, in fanel ɗin wannan ya ƙone, a ina zan samu, nawa ne, kwana nawa? In ya fara kame-kame, a sa takalmi. A kuma karɓi rasit da katin garanti a cike, da hatimi.

Ba masu gyara kaɗai ke da laifi ba. Mutum ya sayi firjin miliyan amma ya ƙi sayen na'urar tsaro ta 'yan dubbai, wadda ke yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi rauni, ta kuma jira minti uku zuwa biyar bayan an dawo da wuta kafin ta saki. Wannan jiran shi ke ceton kwamfireso, don in aka ɗauke aka dawo nan take yana tashi ne a kan matsi. Inda ake yawan rabin wuta sai an haɗa da sitabilaiza. A ba firji soket nasa shi kaɗai, ba 'yar igiyar da aka jona dutsen guga da hita ba. In an kawo shi a kwance a bar shi tsaye kwana guda kafin a jona, mai ya koma mazauninsa. Ƙurar hunturu tana toshe bututun da ke fitar da zafi a ƙasa ko a baya, a cire filogi a share da buroshi ko sau biyu a shekara, a duba ko ɓera da kyankyaso sun yi gida kusa da fanel. Robar ƙofa a gwada ta da takardar naira ɗari: a rufe ƙofa a kanta a ja, in ta zame babu tirjiya roba ta saki, a wanke ta da ruwan ɗumi, in ta ƙi a canja. Miya ta huce kafin a saka. Firji a bar shi wajen digiri 4, firiza 18 ƙasa da sifili. A cika gurbin da babu komai a firiza da gorunan ruwa, su za su riƙe sanyi in an ɗauke wuta.

Mun san amsar da iyayenmu mata za su ba mu, don an riga an ba mu ita a gida. Za a ce ku maza ba ku san zafin kicin ba, kuma kayan ɗaki mutuncin 'ya ne a gidan miji, in ba a yi mata ba kishiya da dangin miji su goranta mata. Wannan gaskiya ne, gorin yana nan, kuma mu maza muna da hannu a ciki, don mu ne muke shiru a zaure ana yi. Wanda Allah ya hore wa, yana da sola mai ƙarfi da gida mai faɗi da iyali masu yawa, ya saya, Allah ya sa albarka. Amma Hajiya, wane mutunci ne a firjin da ya zama ma'ajiyar tukwane? Kuɗin nan ɗaya zai sayi matsakaicin firji da firizar kwance da na'urar tsaro, har a yi ragowa. Da firizar nan yarinya za ta sayar da ƙanƙara da zoɓo a watan azumi, ta shiga adashi, ta sayi sabulunta ba ta roƙi kowa ba. Su kuma samari masu aiko wa gidan surukai hoton firjin da suke so a waya, a ji kunya. Kayan ɗaki kyauta ce daga iyaye, ba sharaɗin aure ba ne, kuma ba mu taɓa ɗaura auren da aka ambaci firji a cikin siga ba.

Akwai kuma abin da ya rage wa unguwa. Firji ya cika gidajenmu da na maƙwabtanmu Bajju, daga nan har Kafanchan da Zonkwa, amma masu iya gwada fanel da mita ba su da yawa. Ga samarinmu suna zaune a bakin titi suna jiran fasinjan acaɓa. Hedikwatar ITF tana Jos, ga Panteka a Kaduna, ga ƙwararrun masu gyara da ke karɓar almajirai. Kuɗin firji ɗaya irin na gidan da muka ba da labari zai kai yaro ya koyo sana'ar, a saya masa injin zuƙa da sikeli da mita. Muna roƙon kwamitin unguwa ya sa wannan a zamansa na gaba, mu kuma mun ɗauki nauyin kuɗin motar yaro na farko.

Wancan gida dai an sasanta, amarya ta koma ɗakinta. Fanel ya iso daga Legas bayan mako bakwai, ango da surukinsa suka raba kuɗin, aka sa na'urar tsaro, aka gyara wa mai gida ƙofarsa. Tef ɗin awo yana rataye a shagonmu kusa da sikeli. Duk mai shirin zuwa sayen firji ya biyo ya ara, amma a dawo mana da shi, don na farkon da muka bayar har yau ba mu gan shi ba.